Littafin Bashin Barewa

Kiyoharu, ka tafi ka bar mini shinge mai ɓaraka
da littafin da kake rubuta ɓarnar bareyi.
Na ɗora daga inda alƙalaminka ya tsaya.

Ƙanƙara ta narke a tuddan Tokachi,
ƙasa ta yi baƙi, tana tururi kamar an buɗe tukunya.
Na dasa kabeji kunya uku, gwiwoyina suna ƙara.
Da asuba sai ga ta, mai tsagaggen kunnen nan,
wadda ka taɓa jifa da takalmin roba ka kuskure.
Ta bi kunyoyin a natse,
kamar mai taya kaya a kasuwa da kuɗinta a hannu.
Na rubuta: kabeji goma sha tara.
Furannin bakin ƙofa kuwa, kawunan kawai ta tsinke,
ta bar mini karare a tsaye suna kallona.

Da zafi ya shigo na rataya gwangwanaye.
Na kai tsohon rediyonka tsakiyar wake,
ya kwana yana yi wa duhu bayanin yanayi.
Kwana biyu suka ji tsoro.
A na uku na ɗaga labule,
na same ta tana kiwo gefensa
daidai lokacin da mutumin ke cewa gobe akwai ruwa.
A bayanta ga ɗa, jiki ɗige-ɗige,
ƙafafu kamar tsinkayen cin shinkafa.
Ta tsallake shinge, ya tsaya yana rawar jiki,
ya ja baya, ya tsallake.
Barewa ai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.
Na rubuta: wake, rabin kunya.
Ban rubuta cewa na yi dariya ni kaɗai ba.

Kaka ta zo, ganye ya yi ja har ƙofar gida.
Da dare kishimi na kuka a kan dutse,
kuka siriri, kamar ƙyauren da ya rasa mai.
Kabewa shida suka fasa, suka ci ciki, suka bar ƙoƙo.
Na yi wa Tokuji maƙwabci ƙorafi ta kan shinge,
magana ce kawai, irin ta tsofaffi.
Ran Laraba ya ƙwanƙwasa ƙofa,
nama a hannunsa, naɗe cikin jarida.
Na ce, yaya kunnenta yake?
Ya ce, Fusako, wa ke duban kunne?
Na dafa shi da kabewar da ta tsira.
Ba zan ɓoye maka ba, ya yi daɗi.
Daren nan ban buɗe littafin ba.

Yanzu hunturu ne.
Dusar ƙanƙara ta kai gindin taga,
shingenka ya nutse, sai kawunan turaku.
Ɗanmu ya bugo waya daga Sapporo,
wai baɗi zai kafa mini waya mai lantarki.
Na ce masa to, baɗin ta zo tukuna.

Jiya da safe na ga sawu,
layi ɗaya tak, ƙanana,
sun bi ta inda ɓarakar take,
alhali yanzu ko'ina hanya ce.
Sun nufi itacen tuffar da ka dasa shekarar aurenmu.
An ɓare masa ɓawo daidai tsayin ƙuguna,
farin jikinsa a fili, cikin wannan sanyi.

Na ɗaure masa buhu da igiya.
Na dawo ciki, na hura wa yatsuna iska,
na rubuta: ɓawon tuffa, gefe guda.
Na ja layi a ƙasa don in haɗa jimla,
sai na tsaya da alƙalami a sama.
Shekara talatin da ɗaya kana wannan lissafi,
ba ka taɓa gaya mini wa za a kai wa ba.