Dubu Tara Babu Rasit

Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma,
littafin kuɗi bisa cinya, tocila a haƙora,
gwangwanin madara cike da rasit.
Jibi mai bincike zai taso daga Dutse,
ni kuwa Barira, ma'ajiyar ƙungiya,
tun ina aji huɗu lissafi bai so ni ba.

Shafin shiga ba ya gajiyar da ido.
Tallafin Kano, kashi biyu:
ɗaya ya zo kafin shuka, ɗaya sai da gero ya nuna.
Karo-karon mata, ɗari bibbiyu duk Juma'a,
wasu Juma'o'in sai "ki yi haƙuri".
Dubu talatin daga Alhaji Maikifi na bakin tasha,
ya ce kar a faɗi sunansa. Allah ya yafe mini.
Sai kazar da Iya Tabawa ta kawo
ranar da jikarta ta sauka lafiya.
A wane layi ake rubuta kaza?
Mun sayar, na sa ta ƙarƙashin "da sauransu".

Shafin fita kuwa kogi ne a tsakiyar marka.
Man babur ɗin Ɗanjummai:
kuɗin da bara ya zaga ƙauye shida
bana ya kai huɗu, ya tsaya yana haki.
Ƙwayar ƙarin jini. Safar hannu, kwali sha biyu.
Sabuwar reza, sabulu, zare.
Audugar mata ta 'yan sakandare.
Gyaran firjin hasken rana, sau biyu,
na biyun ma mai gyaran ne ya ɓata.
Allurar tazara, wadda Hassu ke zuwa karɓa
ran kasuwar Aujara,
mijinta na gindin darbejiya yana cin rake,
shi ya kawo ta, shi zai mayar.
Alawus na ungozoma uku,
suna bin mu wata biyu, ba su fasa tashin dare ba.

Na tara, na ɗebe, na sake tarawa.
Na zazzage gwangwani, na leƙa ƙarƙashin tabarma.
Dubu tara sun ƙi fitowa.

Sai da jakin maƙwabta ya yi kuka na tuna.
Daren Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Lantana ta gidan Sarkin Noma,
zani na uku ya jiƙe, babur ba zai ɗauka ba.
Muka buga ƙofar mai a-kori-kura,
ya ce dubu tara zuwa Jahun, ban taya ba.
Wa ke neman rasit ƙarfe biyun dare,
hannu ɗaya na danne mara,
ɗaya na tallafe kai?

Mun isa. Yaron ya zo.
Ita ba ta dawo ba.

Yanzu yana rarrafe a ɗakin gwaggonsa,
haƙori biyu, yana cizon duk abin da ya samu.
Takardar Dutse na da gurbi: "Mutum nawa suka amfana?"
In rubuta biyu, na yi ƙarya.
In rubuta ɗaya, wa na zubar?
Na bar gurbin, alƙalami ya huta.

Ragowar shekara: dubu sha ɗaya da ɗari biyar,
da rabin kwalin safar hannu,
da bashin da na ambata.
A layin ƙarshe na rubuta da hannuna:
"Mota. Lantana. Dubu tara."
In ya karɓa, falillahil hamdu.
In ya ƙi, ina da akuya.

Tocila ta fara ja.
Gobe Laraba, ranar awo,
kafin in idar da asuba
za su cika dakalin, kowacce da katinta a leda.