Lissafin da Aka Rufe

Ƙarfe biyun dare a Garin Malam,
kuran ya dawo, fanka ta yi tari ta tashi.
Ina rubuta ɗan ƙari ga manhajar da ke harhaɗa aikinmu.
Ita kuwa magina ce mai taurin kai:
kafin ta ɗora tubali ɗaya
sai an karanta mata duk abin da ginin zai jingina da shi.

Na karanta. Ta fara.
Can tsakiyar aiki na ga da saura,
laburare guda, wanda ba a sanin buƙatarsa
sai an buɗe fayil an ga abin da ke ciki.
Na cusa shi. Ta jefo mini jan rubutu:
an riga an rufe lissafi.

Sau bakwai. Shayin da Ilu ya bar mini ya huce.

Sai na tuna Baba Tanimun, maginin Birni,
mai cewa duwatsun Damagaram ba sa sallama kafin su fito.
Tun da safe yakan gaya wa yaronsa:
"In diga ta yi ƙara a harsashi,
ruga gidan Kanta maƙeri, karɓo guduma.
In ba ta yi ba, zauna abinka."

Na goge layi tara.
Na daina tura mata kaya a tsakiyar hanya,
saƙo na bar mata tun kafin ta rufe littafi:
in kin tarar da kaza, ga inda za ki aika.

Ta yi shiru. Ta aika. Ta gama.
Ladan na gyaran murya,
ni kuma ina laluben silifas a ƙarƙashin tebur.