Awon Laraba

Ni tela ne a Kasuwar Barci,
layin 'yan atamfa, shago na huɗu daga famfo.
Shekara ashirin da biyu almakashi na hannuna,
kuma abu guda maigidana ya dasa mini tun ina yaron shago:
auna sau biyu, Haladu, ka yanka sau ɗaya,
abin da aka yanke ba ya komawa turmi.

Alhamis ce, la'asar ta gabato,
kasuwa ta cika ba masaka tsinke.
Laraba mai kunun aya ta sauke kularta a ƙofata,
ta kwance leda, atamfa shuɗiya mai ɗigon rawaya.
Ta ce za a yaye Kyauta a Poli, Asabar ta sama,
ba za ta shiga hoto da tsohon zane ba.
Na auna kafaɗa, sha biyar.
Na auna hannu, na auna tsawo.
Ta ce in rage mata ɗari biyar, na ce a'a.
Wannan a'a har yau tana maƙale a wuyana.

Sai ihu daga bakin titi, ɓarawo, ɓarawo!
Yaro mai jar riga ya keto layi da waya a hannu,
ya tsallake baro, ya kifar da tiren gyaɗa.
Biyu masu baƙaƙen kaya na biye da shi.
Ɗaya ya gaji da gudu,
ya aiki bindiga ta ƙarasa masa.

Na farko ya huda rumfar mai shayi.
Na biyu, Allah kaɗai ya san inda ya kwana.
Na uku kuwa,
kula ta kife, goruna suka gangara kwata,
farin kunu ya gauraya da abin da ba fari ba.
Ko ƙara ba ta yi ba. Dubana kawai ta yi
kamar mai tambaya ko na gama awon.

Mai jar riga ya sha kwana, lungu ya haɗiye shi.
Masu baƙaƙen kaya suka waiga, suka ga taro na kumbura,
mota ta kwashe su.
Mu muka sa ta a keke, kanta bisa cinyar mai gyaɗa.
A asibiti aka ce ina takardar 'yan sanda.
Daga hannun wa za mu karɓo?

Washegari rediyo ta ce harsashi ne ya ɓata hanya.
Akuya na ɓata hanya.
Baƙo na ɓata hanya a tashar Kawo, ya tambaya a nuna masa.
Harsashi ba ya fita yawo don kansa,
yatsa ke aikensa,
ido ke ganin mata da yara ya ce ba komai.

Ba na zagin kowa.
Na sha ɗinke musu kaki, na san aljihunsu a yage yake,
na san rana na dafa su yadda take dafa mu.
Amma ɗan'uwa, wa ya koya maka awo?
Wayar nan, in ta yi tsada, dubu sittin.
Da wane tef ka gwada ta da tsawon Laraba
ka ce sun zo daidai?

Bayan kwana tara Kyauta ta zo.
An yi hoton, ta ce, gefenta na dama babu kowa.
Ta ce in ɗinka atamfar da nata awon.
Kafaɗa sha huɗu.
Na auna sau biyu, na auna na uku,
almakashi ya ƙi buɗe baki.

Ta miƙo kuɗi a dunƙule, cif, babu ragi.
Na mai da mata duka.
Amma ɗari biyar ɗin nan,
ban san wa zan rage wa ba.