Katuna Biyu a Oulu

Ƙarfe uku na rana, Oulu ta riga ta yi duhu.
A ɗakin ƙasa na asibitin dabbobi,
inda fankokin injuna ke gunaguni,
Aulikki ta cire safar hannu,
ta jera katunan sadarwa biyu
kusa da gahawar da ta huce.

Ɗaya sabo fil, yana ƙamshin kwali,
an rubuta masa gigabit ɗari a goshi.
Veikko ya ɗauke shi kamar ƙwai,
ya ce, "Wannan ai walƙiya ce."
Ta ce, "Waye direbansa?"
Ya ce kamfani ya bayar, a kulle,
ba a buɗewa, ba a leƙawa.
Ta ce, "Cinikin biri a sama ke nan.
Ran da manhajarmu ta sake riga,
wa za ka kai wa kuka?"

Ɗayan kwance ne, gigabit goma kacal,
an ciro shi daga injin wani banki da ya tashi.
Gefensa ya dafe,
har da shatin yatsan wani a jikinsa.

Suka fara da sabon.
Fitilarsa ta ƙi ko ƙyaftawa.
Veikko ya sauke, ya ɗora, ya sake tayarwa,
baƙin allo na amsa masa da layi guda:
ban san wannan baƙon ba.
Awa biyu. Ƙanƙara ta rufe rabin taga.

Tsohon kuwa, ana soka shi,
manhaja ta kira sunansa
kamar maƙwabcin da ya dawo daga tafiya.
Kore. Kore. Kore.

Sai dai zafi gare shi, ba ya taɓuwa.
Aulikki ta tono wata fanka a durowa,
ta ɗaure masa da zaren roba,
ɗaurin da ba za a nuna wa baƙo ba.
Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kafin ta rufe, ta buɗe rubutun direban,
don a buɗe yake, kowa na iya karantawa.
Can wajen layi na dubu biyu
wani ya bar 'yar wasiƙa, shekara tara baya:
a nan yake sarƙewa in kaya sun yi yawa,
na gyara, kada a taɓa.
Ba ta san ƙasarsa ba,
ba ta san ko yana raye ba.
Ta dai ɗaga masa kofi.

A sama, likita na jiran hoton ƙashin wani kare
da ya karye wajen jan keken ƙanƙara.
Jiya sai ta sha shayi kafin hoto ya iso.
Yau ko butar ba ta ɗora ba.

Veikko na mayar da sabon cikin kwali,
yana lalube aljihu, yana neman rasit.