Layin da Aka Bari Ba a Cike Ba

Ranar da takardar ma'aikata ta zo daga Sinja
akwai layi guda da ba a cike ba:
sunan wanda za a riƙa tuntuɓa.
Mudir ya sauke gilashinsa, ya bi mu da kallo,
kowa ya sunkuya yana juya cokali a kofin shayi.
Ni Tijjani, malamin labarin ƙasa,
laifina kawai na taɓa gyara masa waya.
Ya rubuta sunana. Bai ce ko na yarda ba.

Tun daga ranar nake gadin ƙofar da ba ta da ƙyaure,
da mabuɗin da ba ya ƙara a aljihu,
haruffa takwas da lamba biyu.
Bashariyya ta tambaye ni sau uku, na yi shiru,
ta ce, wannan wane irin asiri ne da ba a binne shi ba?

Intanet a Mai Wurno kifin Nilu ne,
sai ka iya zaman gaɓa.
In ya ƙi ofis, yakan yarda da bayan tankin ruwa,
can nake tsugunawa da kwamfuta a cinya
kafin a kaɗa ƙararrawa,
tururuwa na hawa ƙafata, batiri na sauka.

Saƙo goma sha ɗaya yau.
An ɗage taron Laraba.
An dawo da taron Laraba.
Wani da bai san sunan makarantarmu ba
yana kirana ɗan'uwa, yana son sunayen yaranmu
da lambobin iyayensu, wai za a raba kyauta.
Na san kura ko ta yi rawani.
Na share shi, na karanta wa 'yan aji uku labarinsa
don su gane takunta.

Amma bara na kusa cin amana ba da sani ba.
Akwatin da na'ura ke zuba tarkace,
wata biyu ban leƙa shi ba.
Daren Alhamis, haka kawai, na buɗe.
Tsakanin tallan agogo da maganin ƙiba
ga sunan Ummulhairi Sanusi,
an ba ta gurbin karatun jinya,
amsa kafin azahar ɗin Asabar.
Ban nemi takalmi na biyu ba.
Na samu babanta a gonar mangwaro yana ban ruwa da fitila,
ya goge hannu a riga kafin ya taɓa takardar,
kamar za ta ji sanyi.
Har yau yana aiko mini da mangwaro,
har yau ban gaya masa kwana nawa ta yi a shara ba.

Wanda ya fi nauyi na nan, ban amsa ba.
Wani uba daga Jidda, direban motar ruwa,
ya sa abokin ɗakinsa ya rubuta:
Ustaz, yaya karatun Mahjub?
Mahjub kuwa tun damina yake tuƙa raksha a Sinnar,
kujerarsa ta zama wurin ajiye tsintsiya.
Na rubuta lafiya lau, na goge.
Na rubuta gaskiya, na ga ta yi kaifi, na goge.
Ɗan sandan nan da ke ƙyaftawa a farin shafi
yana jirana kamar mai bin bashi.

Gobe Juma'a, ba makaranta.
Zan hau mota zuwa Sinnar, in tsaya a tashar raksha
har yaron ya zo.
In ya yarda, mu rubuta tare.
In ya ƙi, ni zan rubuta, da sunana a ƙasa,
tunda shi aka sa a layin.

Batiri saura huɗu cikin ɗari.
An kaɗa ƙararrawa.
'Yan aji biyu na jirana da taswira,
yau zan nuna musu inda koguna biyu suka haɗu.