Wa Ya Ci?

Ƙarfe biyun dare a Nima,
shagon Mumuni wanzami bai rufe ba.
Ba kan kowa ake askewa ba.
Amurka ce ke zaɓe,
mu ne barci ya ƙaurace wa.

Taswira a talabijin, ja da shuɗi,
kamar atamfar da ta zuba a wankin farko.
Issaka direban torotoro,
wanda bai taɓa wuce Aflawo ba,
yana kiran Fensilbaniya
kamar can aka binne cibiyarsa.
"Wanda ya ci nan ya ci kasuwa!"
Ya buga benci, shayin Tahiru ya tafi ƙasa.

Tahiru ɗan giwa ne tun a nan gida.
Da ya ji can ma suna da giwa
sai ya ɗauka dangi ne na wajen uba.
Na ce, giwar wani daji ba ta san sunanka ba.
Ya ce, to, jakin ne ya sani?
Nan kam na nemi abin faɗa na rasa.

Ticha Fuseini ya gyara tabarau
ya ce, a can kana iya fin kowa ƙuri'a
kuma ka kwana a waje.
Ya zana mana lissafin a bayan kwalin sabulu,
jiha kaza, kujera kaza.
Mumuni ya daɗe yana kallon kwalin.
"Da mu muka yi wannan," in ji shi,
"da tuni sun aiko mana masu sa ido
da farar mota da ruwan gora."

Muka kira Awudu a Buronkis,
tunda shi ne namu a bakin tukunya.
Bai ɗauka ba. Can sai ga saƙon murya,
iska na kaɗawa a bayansa:
"Don Allah ku bar ni, ina kan aiki.
Ni ina na ga ƙuri'a?
Takarduna shekara shida suna hannun lauya.
Sanyi ya fara. Haya ta hau.
Ku ce wa Mma kuɗin sai Juma'a."

Muka saurara sau biyu.
Babu wanda ya ce uffan.

Ana saura jiha uku wuta ta ɗauke.
Duhu ya dawo da mu Nima:
warin kwata, kukan sauro,
janaretan mai kanti yana tari ya ƙi tashi.
Wani ya haska waya, sauran caji kashi huɗu.
Ƙasar da ta fi kowa ƙarfi
ta mutu a tafin hannunsa.

Da asuba Hajiya Azara ta sauke tukunyar koko,
uwar Awudu, zani ɗaure a ƙugu.
Ta dube mu, idanu jajur kamar gauta.
"Wa ya ci?"
Issaka ya buɗe baki zai fara da Fensilbaniya.
"Ba shi nake tambaya ba.
Wa ya ci ƙosaina jiya na sidi biyar
ya ce zai dawo?"
Tahiru ya shiga laluben aljihu.

Na ba ta saƙon Juma'a.
Ta ce Allah ya kai mu,
ta ci gaba da dama kokonta.

Wata biyar bayan nan, a Kantamanto,
ina tsaye aka yanka dila.
Sai ga su sun zubo, fiye da ɗari,
riguna masu fuskar wanda ya faɗi,
yana murmushi har yanzu, babu wanda ya gaya masa.
Sababbi ƙal, ko wanki ba su gani ba.

Issaka ya ɗauki biyu, ya taya, aka sallama.
Da ɗaya yake wanke mota ran Lahadi,
ɗaya yake sawa in zai je kallon ƙwallo.
Na ce, ai ba naka ba ne wannan, kai da ka kwana kana zaginsa.
Ya murza yadin tsakanin yatsu.
"Taɓa ka ji, auduga ce zalla.
Wanda ya ci, me ya aiko maka?"