Babban Yatsa

Shekarar da gara ta cinye wa Baba kuɗin riɗi
a gwangwanin madara, ƙarƙashin rumbu,
ya zazzage su a tabarma kamar dusa.
Bai yi salati da ƙarfi ba.
Ya ce, "Ilu, in naka ya zo,
ka nemi inda gara ba ta shiga."

Nawa ya zo bayan ya tafi,
buhu goma sha ɗaya, fari tas.
Na ɗaure kuɗin a cinya, na hau bayan Tsalha
har Gumel.

Na farkon, ƙofarsa ta gilashi ce mai magana.
Sau uku tana maido ni waje,
sai da na ajiye 'yar wuƙar yankan goro
da makullin shago.
Na ce gidan da ƙofarsa ke zargin baƙo
ban ga wurin kwana a cikinsa ba.
Na biyun, layi ya fito har bakin kwalta,
wani ya ce tun hantsi yake nan, bai karya ba.

Na ukun ba shi da kyan gini.
Dalbejiya ce a gabansa, da benci, da randa.
Kada in yi ƙarya:
inuwar na zaɓa.

A ciki Malama Hansatu ta ce in ɗora yatsa.
Na ɗora. Na'ura ta yi shiru.
Na sake. Ta kunna ja.
Wai babu zane.
Shekara arba'in ƙotar fartanya na lasar wurin,
ina zane zai tsaya?
Yaron da ke bayana ya yi dariya cikin hula.
Ita ba ta yi ba.
Ta ce, "Baba, goga shi a goshi, inda jiƙe yake."
Na goga, na ɗora, ta kunna kore.
Da gumina banki ya gane ni.

To, sai aka fara.
Tsakar dare waya ta yi ƙara, in zabura,
jikana ya karanta: an cire hamsin.
Na me? Na kula da kati.
Wani watan, na saƙon da ya gaya mini an cire.
Na kwanta ina kallon azara,
na ce, Baba, ashe gara ma ta yi boko.

Da damina na tura kuɗin taki
ta hannun Bawale mai lema a bakin kasuwa,
wanda ke hawa kan suri ya ɗaga injinsa sama
kamar mai roƙon ruwa.
Kuɗi suka bar gida, ba su isa masauki ba.
Kwana tara.
Mai taki na kallona, gero na kallona.
Na cike takarda, na dangwala, na sake komawa,
mai ya ci dubu huɗu.
Ran na goma suka dawo
kamar akuyar da ta kwana a gonar wani,
ba bayani.

Amma daren da Kyauta ta bugo daga Birnin Kudu,
muryarta a shaƙe, gobe za a rufe biyan makaranta,
na taso Bawale daga barci, muka hau surin tare.
Kafin in sauko
ta ce, "Baba, sun shigo."

Gwamma dai har yau ba ta yarda ba.
Ta nuna mini turkenta: "Nawa bankin haihuwa yake yi."
Na ce, "Naki kuma yana zawo."
Muka raba: rabi can, rabi a turke.

Gwangwanin yana nan, na wanke shi.
Katin nake ajiyewa a ciki.
Lambar sirrin kuwa ba na mantawa,
shekarar garar ce.